Cajar Motar Lantarki: Daga Bangon Gareji Zuwa Kwaɗo

A shekarar 1900, da aka ƙidaya motocin da aka ƙera a ƙasar Amurka, sai aka tarar masu aiki da lantarki sun fi masu shan fetur yawa, masu tafiya da tururi ne kaɗai suka ɗara su. Galibin ma'abota motocin lantarki attajirai ne da likitoci da matan manyan gidaje, waɗanda ba su son hayaƙi da ƙara da wahalar murɗa ƙarfen tayar da inji. Har Clara, uwargidan Henry Ford, duk da cewa mijinta ne ya cika duniya da motar fetur, samfurin Detroit Electric take shiga. Kuma tun da yake batirin dalma ba ya cika sai ya kwana yana shan wuta, al'ada ta gudana a kan cewa mota ta komo gida da magariba kamar yadda doki ke komowa turkensa, sau da yawa ma a ainihin ɗakin da keken-doki yake kwana a da.

Na'urar cajin wancan zamani ba abin da za a saɓa a kafaɗa ba ce. Sabili da wutar da ke shiga gidaje da yawa mai kai-da-komowa ce, alhali batir ba ya karɓar sai wadda ta miƙe hanya ɗaya, tilas a sami abin da zai daidaita tsakaninsu. Da Peter Cooper Hewitt ya fito da hikimarsa ta tulun gilashi mai zaiba a ciki a 1902, sai kamfanin General Electric ya riƙa sayar wa masu gareji irinta, a kan firam na ƙarfe mai kusan tsawon mutum, tulun yana ba da wani haske shuɗi muddin yana aiki. Wanda gidansa ba shi da wuta kuwa, sai ya ba da motar amana ga garejin haya, a caja ta, a wanke, a kawo masa ƙofar gida da safe, ya biya a ƙarshen wata. Sata ba ta cikin damuwar mai irin wannan na'ura, domin nauyinta ya isa gadi, a kafe take, kuma ko ɓarawo ya jure ɗaukarta, masu sayenta ƙidayayyu ne.

Wannan daula ba ta daɗe ba. Ford ya fito da Model T mai araha a 1908, Charles Kettering ya sa wa Cadillac sitata a 1912, ƙauyuka kuma suna cikin duhu, domin har farkon shekarun 1930 gona ɗaya cikin goma ce take da lantarki a Amurka. Detroit Electric ya lallaɓa har 1939, sa'an nan ya rufe.

Sai a 1990, da hukumar kula da tsabtar iska ta jihar Kalifoniya ta wajabta wa kamfanoni sayar da motoci marasa hayaƙi, maganar caji a gida ta sake tasowa. Motar EV1, wadda General Motors ya fitar a 1996, ana zura mata wani faifai ne da ke ba da wuta ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba, babbar na'urarta tana kafe a bango, ƙaramar tana cikin but. Amma da yake guda 1,117 kacal aka ƙera, kuma faifan bai dace da kowace mota ba, satarsa wahalar banza ce. Al'amarin ya juya ne a Disamban 2010, sa'ad da Nissan Leaf da Chevrolet Volt suka shiga kasuwa da bakin caji iri ɗaya, wanda injiniyoyin Amurka suka yi ittifaƙi a kansa, kowace kuma da cajarta ta tafi-da-gidanka. A haƙiƙa na'urar da ke juya wutar ta riga ta koma cikin motar. Abin da ya saura a waje waya ce mai kauri da ɗan akwati, wanda aikinsa shi ne ya gaya wa mota iyakar wutar da za ta ja, ya kuma yanke idan ya ji tana zurarewa. Ga ta ba nauyi, yaro ma ya ɗauka da hannu ɗaya, ga ta tana shiga motar kowa, ga kuɗinta ɗaruruwan daloli: siffofin da suka sa ta zama rahama ga matafiyi, su ne suka sa ta shiga idon ɓarawo.

Malaman fiƙihu, a babin sata, sun sharɗanta hirzi, wato wurin da idan mutum ya ajiye kayansa a ciki al'ada ba za ta kira shi mai sakaci ba. To, ina hirzin abin da dole ne ya kwana a fili, kansa ɗaya a soket, ɗayan a jikin mota, alhali Leaf ta farko tana bukatar kusan sa'o'i 20 kafin ta cika daga wutar gidan Amurka? Amsar farko ƙarama ce ƙwarai: a maɓallin da ake dannawa da babban yatsa a zare fulogi, an bar wata 'yar huda wadda ɗan kwaɗon jaka zai shiga. Daga nan jama'a suka yi ta nasu ijtihadi, wani ya kafa zobe a bango ya ɗaure akwatin da sarƙa, wani ya ƙera masa gida na ƙarfe mai makulli, wani ya ratsa wayar ta cikin ƙafar mota ya kulle. Akwai kuma masu taka wayar da taya su bar mota a kanta har safe, wannan kuwa ban ga alheri a cikinsa ba ko kaɗan, domin waya mai ɗauke da wuta dare guda, idan rigarta ta murƙushe daga ciki inda ido ba ya gani, mai ita ya tsere wa asarar caja ne ya nufi gobara.

Turawan Turai sun fi dacewa da sawaba a nan. Fulogin da kamfanin Mennekes na Jamus ya gabatar a 2009, wanda Tarayyar Turai ta zaɓa a 2013, ba shi da maɓallin yatsa. Wani ɗan ƙarfe ne daga cikin motar yake shiga ya riƙe shi, ba ya saki sai mai ita ya buɗe. Nissan ma ya ƙara wa Leaf makullin bakin caji a 2013. A ganina haka ya kamata tun farko, domin wanda ya ƙera abin da ya san a waje zai kwana, haƙƙin tsaronsa yana wuyansa kafin ya hau wuyan mai saye.

Sai dai makulli zarewa yake hanawa, ba ya hana almakashi. Da farashin jan ƙarfe ya haura dala 11,000 kowane tan a kasuwar Landan a watan Mayun 2024, yankan wayoyin caji ya yawaita, har kamfanin Electrify America, mai tashoshin caji a Amurka, ya ce an datse masa 129 a watanni biyar na farkon shekarar, fiye da na 2023 gaba ɗayanta. Abin takaicin kuwa shi ne jan ƙarfen da ke cikin waya ɗaya bai wuce kaso kaɗan na kuɗin maye gurbinta ba. Duk wanda unguwarsu ta taɓa kwana cikin duhu saboda an kwashe wayoyin taransifoma ya san wannan ciwo. Ingila ta bi ta kan mai saye: dokarta ta 2013 ta wajabta wa dillalan tsofaffin ƙarafa lasisi, da tantance wanda ya kawo kaya, ta kuma tabbatar da haramcin biyansa da tsabar kuɗi.

Yau mai hali a waɗannan ƙasashe ya koma ga sunnar mutanen farko, yana kafa caja a bango, ta tafi-da-gidanka kuma tana kulle a but sai ranar tafiya. Waɗanda mas'alarsu ba ta warware ba su ne mazauna gidajen da ƙofarsu ke bakin titi, ba fili ba gareji. Dominsu ne hukumomi a yankin Oxford da wasu garuruwan Ingila suka fara yanka siririn kwalbati a hanyar masu ƙafa, wanda waya za ta bi daga gida zuwa mota ba tare da ta harɗe mai wucewa ba, ko da yake ƙarshenta har yanzu a titi yake kwana.