Daga Lokos zuwa kango: wa aka gina wa gidajen gwamnati? (Zare)

1/ Kusan duk babban garin da ka shiga a Arewa sai ka tarar da unguwar da ake kira Lokos ko Kwatas. Katsina na da Shagari Lokos, Kano na da Shagari Kwatas, mu ma nan Gusau muna da Lokos ɗinmu da Gida Ɗari. Da yawanmu mun tashi muna faɗa wa mai Keke "kai ni Lokos" ba tare da mun taɓa tambayar inda sunan ya samo asali ba. Asalinsa alkawari ne da gwamnati ta yi cewa mai ƙaramin ƙarfi ma zai mallaki gida. Yau tarihin wannan alkawarin za mu bi. Ku gyara zama, da ɗan tsawo.

2/ Gwamnati ba don talaka ta fara gina gidaje ba. Turawan mulki kansu suka fara gina wa, a Bariki, wurin da yanzu muke kira GRA. Dokar birane ta Gwamna Lugga ta 1917 ma cewa ta yi a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwarsu da ta 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da cuta.

Da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau har ya kai Kauran Namoda a 1929, garin ya cika da kamfanonin sayen auduga da gyaɗa, ga ma'aikatan reluwe, ga baƙi a Sabon Gari. Aka yi wa ma'aikata kwatas. Amma gidan na aiki ne: ranar da ka bar aiki, ranar za ka miƙa makulli.

Ku riƙe wannan. Tun ran gini tun ran zane, gidan gwamnati da takardar albashi tare suke tafiya.

3/ Shi kuwa manomin Tsafe ko na Bungudu ba ya cikin lissafin. Fili wajen mai unguwa ko dagaci yake nema, ko ya yanki gefen gidan gado. A kwaɓa ƙasa, a yi tubali, a kira magini, 'yan uwa su yi gayya, a ɗora azara. In yaro ya isa aure a ƙara masa ɗaki ta baya. Gida yana girma ne yadda iyali ke girma.

4/ Kuɗin man fetur ne ya sa gwamnati ta fara tunanin gina wa jama'a. A 1973 Gowon ya kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya. Shirin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980 ya yi alkawarin gidaje 202,000, aka ƙare da wajen 28,500. A 1977 aka mayar da wani tsohon kamfanin lamunin gini ya zama Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya.

Sai 1978, gwamnatin soja ta Obasanjo ta fito da dokar amfani da ƙasa, wadda ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta. Wannan dokar har gobe tana aiki, kuma za mu sake cin karo da ita.

5/ To, Shagari. Ya hau mulki ranar 1 ga Oktoba 1979, jam'iyyarsa NPN na ɗauke da tambarin gida da masara. Abinci da muhalli, shi ne kamfen ɗin. Shirin da ya ƙaddamar a 1980 shi ne gidaje 40,000 duk shekara: 2,000 a kowace jiha cikin jihohi 19, haɗe da Abuja. Kashi 80 cikin ɗari na masu ƙaramin ƙarfi ne, ciki ɗaya da falo, da ɗan fili don mai gida ya ƙara ɗaki daga baya. Sauran masu ɗaki uku ne na matsakaitan ma'aikata. Ministan gidaje shi ne Wahab Dosunmu.

A lokacin babu Zamfara. Gusau, Tsafe da Bungudu duk jihar Sakkwato ne, ƙarƙashin Gwamna Shehu Kangiwa na NPN. Ku yi lissafi da kanku: gida 2,000 a shekara ga jihar da ta haɗe Sakkwato, Kebbi da Zamfara na yau.

6/ A gaskiya niyyar tana da kyau, kuma ba a tsaya a manyan birane kaɗai ba, an kai gidajen har hedikwatocin ƙananan hukumomi. Matsalar daga wajen aiwatarwa ta taso, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe.

Zane ɗaya aka yi wa ƙasar baki ɗaya. Gidan da aka gina a Kalaba shi aka gina a Sakkwato. Babu zaure, babu katanga, babu tsakar gida. Baƙo daga titi sai falo, daga falo sai uwarɗaka. Ina matar gida za ta yi daka, ta yi shanya, ta ɗaure akuyarta? Mai mata biyu ya yi yaya da ciki ɗaya? Ga rufin kwano da bangon bulo a garin da Afrilu ke gasa mutum.

Shi ya sa in ka zaga tsofaffin Lokos yau da wuya ka gane ainihin ginin. Abu na farko da mutane suka yi shi ne zagaye gidan da katanga, sai zaure, sai ɗakuna a baya. Da kuɗinsu suka mayar da shi gidan Bahaushe. Wanda ba shi da kuɗin wannan gyaran, ko an ba shi bai iya zama.

7/ Sai wurin da aka gina su. Tarayya ke da kuɗi, amma dokar 1978 ta ce gwamna ke da fili. A jihohin 'yan adawa an yi ta jan ƙafa kan ba da fili, a wurare da dama kuma aka ba da can bayan gari, babu ruwa, babu wuta, babu hanya. Ga kwangila da aka raba wa 'yan jam'iyya waɗanda wasunsu ba su taɓa ɗora bulo kan bulo ba. Farashin mai ya faɗi, a 1982 aka shiga tsuke bakin aljihu, sojoji suka zo ranar 31 ga Disamba 1983. Ko kashi ɗaya bisa huɗu na abin da aka yi alkawari ba a kammala ba. Wasu rukunan sun shekara da shekaru ciyawa da jemagu ne masu haya.

8/ Abin lura: a waɗannan shekarun dai Lateef Jakande, gwamnan Legas na jam'iyyar UPN, ya gina gidajen da ake ƙiyasta sun kai 30,000 a wurare irin su Amuwo-Odofin, Iponri da Abesan, kuma malaman makaranta da ƙananan ma'aikata sun shiga. Shi fili na hannunsa, kuɗi na hannunsa, ya kuma san inda mutanensa ke zuwa aiki. Amma da Abacha ya ɗauko shi minista, aka yi shelar gidaje 121,000 a 1994, jama'a suka zuba kuɗin ajiya, abin da aka gina bai taka kara ya karya ba. Mutum ɗaya, sakamako biyu.

9/ Kafin nan, a 1991, gwamnatin Babangida ta ce kowa zai samu gida kafin shekarar 2000. Ba sai na gaya muku yadda ta kaya ba 😅 Abin da ya rage daga wannan zamanin shi ne Asusun Gidaje na Ƙasa na 1992: a cire kashi 2.5 na albashin ma'aikaci duk wata, shi kuma ya samu damar cin bashin gida da ruwan kashi 6, ya biya cikin shekara har 30.

Duba sharuɗɗan. Sai kana da albashi ko shaidar kuɗin shiga na kai a kai. Sai fili na da satifiket ɗin mallaka mai sa hannun gwamna. Sai ka yarda da ruwa. Ɗan kasuwar Tudun Wada, mai facin taya, manomin Kwatarkwashi, akasarinsu sun faɗi tun a tambaya ta farko. Filin awon igiya da takardar mai unguwa ya faɗi a ta biyu. Ta ukun kuwa, a jihar da ta fara ƙaddamar da Shari'a a 1999, ma'aikata da yawa ko sun cika sauran sharuɗɗan ba za su taɓa bashin ruwa ba. Daga baya bankin ya fito da tsarin biyan haya har ka mallaka, amma shi ma mai albashi yake nema.

10/ Mu dawo gida. Ranar 1 ga Oktoba 1996 Abacha ya ƙirƙiri Zamfara, Kanar Jibril Bala Yakubu ya zo kantoma. Dare ɗaya Gusau ta tashi daga hedikwatar ƙaramar hukuma ta zama babban birnin jiha. Ma'aikata 'yan asalin yankin suka kwaso kaya daga Sakkwato, ga ofisoshin tarayya, ga bankuna, ga 'yan kwangila, duk kowa na neman wurin kwana a garin da ba a shirya masa haka ba. Haya ta tashi. Gonakin bakin gari suka koma fulotai.

Gwamnatocin da suka biyo baya sun gina rukunin gidaje, ba a ce ba su yi ba. Amma buƙatar da ta fi matsa musu ita ce inda za a sa ma'aikata, don haka layin rabon ya sake bin takardar albashi, kamar zamanin reluwe. Irin wannan gidan a jihohin Arewa yawanci sayar wa wanda ke ciki ake yi, a riƙa cira daga albashinsa. Ga wanda ya samu alheri ne babba. Sai dai bayan shekaru wasu sun sayar, wasu sun zuba 'yan haya, gidan sauƙi ya koma farashin kasuwa.

11/ Ƙaramin misali daga danginmu. Kawuna malamin firamare ne a yankin Bungudu. Shekara 11 ya yi yana gini: bana ya sayi fili da kuɗin adashi, baɗi bulo 500, wata shekarar ya sayar da sa ya yi linta. Ya shiga gidan babu filasta, tagogi da buhu. Haka akasarin gidajen Zamfara suka tashi, kuma babu wani shirin gwamnati da ya taɓa ƙirga irin wannan a matsayin aikin gidaje, balle ya tallafa masa.

12/ Alhali an taɓa gwada hanyar da ta dace da irin su kawu. A 1972 Bankin Duniya ya tallafa wa wani shiri a Dakar ta Senegal: gwamnati ta yanka fulotai, ta kai hanya, ruwa da magudana, ta ba da takarda, mutum ya gina da kansa a hankali. An yi irinsa a unguwar Makama ta Bauchi a farkon shekarun 1980. Yana da nasa matsalolin, don masu hali sun saye wasu fulotan daga hannun talakawa. Amma kuɗin gida ɗaya na ɗan kwangila zai shirya fulotai da yawa. A ganina abin da ya hana shi farin jini wajen 'yan siyasa shi ne magudanar ruwa ba ta kyau a hoto, kuma ba a yanka mata kyalle.

Masu kawo misalin Singafo, inda kusan kashi 80 na jama'a ke zaune a gidajen da hukuma ta gina tun daga 1960, su tuna can kusan kowa na da albashi da asusun ajiya na dole, filin ƙasar kuma akasari na gwamnati ne.

13/ Yanzu lissafin yau. Gwamnatin Buhari ta yi nata shirin a jihohi, Tinubu ya ƙaddamar da nasa a 2024 ƙarƙashin minista Ahmed Musa Dangiwa, kuma farashin da aka faɗa na mai ɗaki ɗaya a rukunan jihohi ya kama naira miliyan 8 zuwa 9.

Ɗauki miliyan 8, ruwan kashi 6, shekara 30. Biyan wata ya kusa naira 48,000. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa 70,000 ne. Ƙa'ida kuma ba a cire wa ma'aikaci fiye da kashi ɗaya bisa uku, wato wajen 23,000. Ka ga ƙaramin ma'aikaci ma, wanda saboda shi aka ce an yi, bai kai ba. Ina ga wanda ba ya karɓar alat ƙarshen wata?

14/ Sannan ga abin da Shagari bai taɓa lissafawa ba: tsaro. Shekara fiye da goma ke nan mutanen ƙauyukan Tsafe, Bungudu, Maru da sauransu na barin gidajen da kakanninsu suka gina suna shigowa gari. Wasu na raɓe wajen dangi, iyali biyu uku a gida ɗaya. Wasu na kwana a kangayen mutane, a rataya tabarma a bakin ƙofa. Mutumin da ke da gida da rumbu jiya, yau yana bin dillali kan ɗaki ɗaya, ana ce masa sai kuɗin shekara da la'ada.

Kuma lissafin fili ya juye. Da, bayan gari shi ne wurin mai ƙaramin ƙarfi saboda arha. Yanzu unguwannin gefe irin su Damba sun ga hare-hare, kuma a Satumban 2023 daga gidajen haya na Sabon Gida, a ƙaramar hukumar Bungudu, aka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau. Kowa na son tsakiyar gari, haya can ta ƙara wuta. Rukunin gidaje 500 da za a kai bayan gari yau, irin yadda aka yi a 1980, ko kyauta aka raba sai mutum ya yi shawara da iyalinsa kafin ya tare.

15/ Waɗanda suka tashi a Lokos ko Gida Ɗari, ku tambayi iyayenku: wace shekara suka shiga, nawa aka sayar musu, shekara nawa aka yi ana cira? 'Yan Tsafe da Bungudu kuma ku faɗa mana nawa ciki da falo yake a shekara yanzu, da nawa yake kafin mutanen ƙauye su fara shigowa. Ku ajiye a ƙasan zaren nan, zan tattara.