Jirgin Yaƙin Da Ba Ya Jefa Bam

Wani mai sauraronmu daga Haɗeja yana tambaya, wai shin matuƙan jiragen yaƙi sun fahimci aikin jirgin nan mai rikita rada?

To malam, ka san yadda ake su a fadamar Haɗeja: wani ke dama ruwa kifi ya ruɗe, wani ya cika koma. Aikin wannan jirgi ke nan. Rada na'ura ce mai hango jirgi tun daga nesa, shi kuwa sai ya aika mata da saƙonnin ƙarya har ta makance.

Dabarar ta daɗe. A watan Yulin 1943 jiragen Ingila suka watsa siraran ɓallin alminiyam a saman birnin Hambog, radar Jamus ta rikice. Amma sai da aka sha wuya aka riƙe abin sosai. Ran 24 ga Yulin 1965, makami mai linzami ƙirar Tarayyar Sobiyet, wanda rada ke yi wa jagora, ya kakkaɓo jirgin Amurka F-4 a Biyetnam. Daga nan Amurka ta tashi haiƙan wajen farautar rada.

A Yaƙin Tekun Fasha na 1991, jirgin EF-111, wanda ko bindiga babu a jikinsa, ya yi wa masu bama-bamai rakiya. Takwaransa EA-6B kuwa mutum huɗu yake ɗauka: matuƙi ɗaya, masana na'ura uku.

Ka ga ke nan matuƙi ya san darajar jirgin, tun da shi ke tsare masa rai, amma zurfin aikin sai waɗannan masana. Da fatan ka gamsu.