Kokawa Daga Dandali Zuwa Takobin Ƙasa

Tun zamanin da ƙasashen Magarya da Dungas ke ƙarƙashin hukuncin sarakunan Damagaram, al'adar manoma ce idan kaka ta yi, aka ɗaure gero aka cika rumbuna, samarin wannan ƙauye su tafi wancan da makaɗansu, a kafa da'ira a dandali, kowane ɗan kokawa ya fito da layu da guraye a damtse yana kirari, dattawa kuma su ne alƙalai, ba su da wani kundi sai abin da suka gada. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata ba ta hana 'yan Daura da Ɓaɓura ƙetarowa ba.

A shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, hukumar Nijar ta shigo cikin al'amarin, aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya yi galaba. Sannu a hankali aka tsara ƙa'idoji, aka ƙayyade lokacin karawa, kowace jiha daga cikin takwas tana aiko zaratanta goma, takobi kuwa ya zama alamar sarautar fage. Daga nan sha'anin ya kai ga gasar ƙasashen CEDEAO, har aka yi kokawa a wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci a Yamai a 2005.

Alhali kuwa, a ganina, daraja ta tafi birni ta bar ƙauyukan da suka raini wasan. Filin kokawa na Damagaram dai sunan ɗan kokawa Langa-Langa yake ɗauke da shi.