Asalin sunayen sassan jirgin ruwa

A cikin jirgin ruwa ba a faɗin dama da hagu, domin daman mutum kan sauya da zarar ya juya, kuma kuskure kaɗan wajen ba da umarni na iya haddasa karo. Shi ya sa kowane gefe yake da sunansa na dindindin.

Gefen dama

Idan mutum ya fuskanci goshin jirgi, gefen damansa shi ne "starboard" a Turancin Ingilishi. Kalmar ta samo asali ne daga tsohon Turanci, ma'anarta kuwa gefen tuƙi.

A da, jiragen arewacin Turai ba su da abin juya akala a baya. Da wani babban filafili ake sarrafa su, wanda ake ɗaurewa a dama saboda akasarin matuƙa na-dama ne. Sunan Faransanci, "tribord", wanda aka aro daga harshen Holand, ma'anarsa ke nan.

Gefen hagu

Don kada filafilin ya karye, da gefen hagu ake raɓar gaɓa a yi lodi. Ana kiransa "larboard", amma sunan ya yi kama da na dama, musamman cikin rugugin iska.

A shekarar 1844 rundunar sojin ruwan Birtaniya ta ba da umarnin a koma cewa "port", watau tashar jirgi. Ta Amurka ta bi sahu a 1846. Da dare kuwa, jar fitila ce ke nuna hagu, koriya kuma dama.

Gada da ganuwa

Ɗakin da kyaftin ke ba da umarni sunansa "bridge", watau gada. A ƙarni na 19, jirage masu tururi suna da manyan ƙafafun tuƙi biyu a gefe da gefe, sai aka gina 'yar gada tsakaninsu domin kyaftin ya riƙa hangen ko'ina.

Shi kuma "forecastle", sashen gaba, ya samo suna ne daga ganuwar katako da maharba ke hawa lokacin yaƙi.

Ko a Hausa haka abin yake. Asalin "jirgi" na ruwa ne, kafin sunan ya bi na ƙasa da na sama.