Yadda Shuni Ya Bar Gona Ya Koma Masana'anta

Rubutunmu na wannan makon tarihi ne, tarihin launi guda ɗaya.

In muka saka marina a cikin labari, mukan ce marini ya tsoma farin zane a karofi ya fito da shi shuɗi. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya san ba haka abin yake ba. Zanen yakan fito ne kore-kore, sai iska ta buge shi sannan ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonka. Wannan rikiɗar ita ce darasin ƙarin oksijin da raguwarsa da muka haddace a ajin kemistiri don mu ci jarrabawa, ba tare da mun san a bayan gidanmu ake yin sa ba.

Ga yadda abin yake. Ganyen baba ba shi da shuɗi ko kaɗan. Abin da ke cikinsa wani sinadari ne marar launi mai suna indikan. Idan ganyen ya jiƙa ya ruɓa, indikan yakan rabu da sukarin da ke manne da shi ya zama indoksil, shi kuma da ya haɗu da oksijin na iska sai ya zama shuni. Matsalar ita ce shuni ba ya narkewa a ruwa, abin da bai narke ba kuwa ba ya shiga zare. Aikin karofi ke nan. Toka da katsi suna sa ruwan ya yi kaifi, ƙananan halittun da ido ba ya gani suna cinye oksijin ɗin da ke ciki, sai shunin ya koma wata siffa mai narkewa ya ratsa zaren. Da an ɗago zanen iska ta mayar da shi shuni, ya maƙale a ciki. Shi ya sa ake ta tsomawa ana ɗagowa har launin ya kama.

Da wannan ilimi Kano ta yi suna. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya iso birnin a 1851, ya rubuta cewa rinannun tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Murzuk da Tarabulus. Sai dai a kasuwar Turai shunin Indiya ne ke ci. Turawan Ingila sun kafa manyan gonakin baba a Bengal da Bihar, suna tilasta wa talakawa noma shi a kan farashin da suka ga dama, har manoman Bengal suka yi bore a 1859. Yawancin masu masaƙa a Turai da ke son shuɗi, kuɗinsu ta hannun Ingila yake bi.

A daidai wannan lokaci masana kemistiri suka fara gano dukiyar da ke cikin kwalta, wato baƙin dattin da ke saura idan an gasa kwal don samun iskar gas. A 1856 wani matashi ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kwinin na zazzaɓin cizon sauro, sai ya samu rini mai launin shunayya. Daga nan masana'antun rini suka fara tsirowa, musamman a Jamus. Ɗaya daga cikinsu shi ne kamfanin BASF da aka kafa a 1865. Harafin A na sunansa yana nufin anilin, sinadarin da aka fara samu a 1826 ta hanyar gasa shuni, kuma asalin sunan daga kalmar Larabci ta shuni ne, annil.

Wanda ya kwance sirrin shunin kansa shi ne Adolf von Baeyer. Tun yana ɗan shekara 13 ya sayi dunƙulen shuni yana gwaje-gwaje da shi. Ya dukufa a kansa daga 1865, ya haɗa shi a ɗakin gwaji a 1878, ya sake samo wata hanya a 1880, sannan a 1883 ya zana yadda ƙwayarsa take: kabon 16, haidirojin 10, naitirojin 2, oksijin 2. An ba shi kyautar Nobel a 1905.

A nan ne darasin masana'anta ya bambanta da na ɗakin gwaji. Shunin Baeyer na gaskiya ne, amma ya fi na gona tsada, don haka bai tsorata kowa ba a Indiya. Ɗan kasuwa ba ya tambayar ko abu zai yiwu, nawa zai ci yake tambaya. Sai a 1890 Karl Heumann ya fito da hanyoyin da za a fara daga kaya masu araha. Wadda BASF ta ɗauka tana farawa ne daga naftalin, wannan farin ƙwallon da muke sakawa a akwatin tufafi muna ce masa kafur, wanda kwalta ke cike da shi. Matakin farko shi ne a dafa naftalin da asid mai ƙarfi, irin na ruwan batir, amma aikin yana tafiyar hawainiya. Labarin da ake bayarwa shi ne ma'aunin zafi ya fashe a cikin tukunyar gwaji, zaibar da ke ciki ta zube, sai aka ga aikin ya zabura. Zaibar ta zama abin da malamanmu ke kira katalis: ba ya ƙarewa a cikin aikin, amma yana rage tudun ƙarfin da sinadarai za su haura kafin su haɗu.

A 1897 BASF ta fitar da shuninta kasuwa, bayan ta kashe kimanin mak miliyan 18 na kuɗin Jamus a shekara 17. A 1901 Johannes Pfleger ya gano cewa idan aka sa wani sinadari mai suna sodamid, matakin da ke neman zafin digiri 300 zai yiwu a wajen digiri 200. Ragin nan ya rage makamashi, ya kuma hana kayan ƙonewa, sai kamfanin Hoechst ya shiga kasuwar da shi. Abin sha'awa, matakin ƙarshe a duk hanyoyin nan shi ne na gona: a samu indoksil, a bar iska ta mayar da shi shuni.

Sakamakon bai ɗauki lokaci ba. A 1897 duniya ta samar da kimanin tan 19,000 na shunin gona, zuwa 1914 ya faɗo zuwa wajen tan 1,000. Asarar kuwa a kan talaka aka sauke ta. A gundumar Camparan ta Bihar, doka ta tilasta wa manomin haya ya shuka baba a kashi 3 cikin 20 na gonarsa. Da baba ya daina kawo riba, Turawan gonakin suka ce za su yafe wannan sharaɗi, amma sai an ƙara musu kuɗin haya ko an biya su diyya. Kukan waɗannan manoma ne ya kai Mahatma Gandhi can a 1917, kuma nan ne ya fara gwada gwagwarmayarsa ta lumana a ƙasar Indiya. A 1918 aka yi dokar da ta soke tsarin.

Mu ma guguwar ta iso mu. A zamanin mulkin mallaka kamfanonin Turawa suka shigo da shunin gwangwani da rinannun yadudduka. Mai rinin zamani yana zuba soda da haidiros a ruwan zafi, ya yi cikin mintuna abin da karofi ke yi cikin kwanaki. Garuruwa irin su Kura sun daɗe suna riƙe da sana'ar saboda turkuɗin da Buzaye ke naɗawa, amma a Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, yawancin ramukan yau a bushe suke.

Shunin kansa bai mutu ba. Mafi yawan wanda ake haɗawa yau wandon jins ake rinawa da shi, kuma ƙwayarsa ɗaya ce tak da ta rawanin Buzu. Abin da ke ɓacewa shi ne ilimin mutumin da ke duba kumfar karofi, ya shinshina, ya ce ruwan nan ya nuna. Baeyer da Heumann da Pfleger an rubuta sunayensu da shekarunsu. Wanda ya fara gane yawan katsin da rami ke so, babu wanda ya rubuta nasa. Akwai dattawan marina da ke raye har yanzu, kuma ba su yi mana nisa ba. Wanda ke da marina a garinsu, ya je da littafi da biro ya zauna da su.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.