Hutun Dole a Guangzhou: Hunturun Shekarar 2008

Birnin Guangzhou, hedkwatar lardin Guangdong da ke kudancin ƙasar Sin, ba wurin dusar ƙanƙara ba ne, domin hunturunsa gajere ne marar tsananin sanyi, har ma ɗan abin da ya sauka a ranar 24 ga Janairun 2016 ya zama abin kallo, saboda an yi shekaru masu yawa ba a ga irinsa a tsakiyar birnin ba. Duk da haka, a farkon shekarar 2008 ƙanƙarar da ta zuba a wasu lardunan ta tsare dubban ɗaruruwan mutane a cikinsa, ta tilasta musu hutun da ba su nema ba.

Tun daga wajen 10 ga Janairu aka yi ta samun ruwan sama mai daskarewa da zarar ya taɓa abu, wanda ya lulluɓe wayoyin lantarki a lardunan Hunan da Guizhou har turakun ƙarfe suka karye, kuma da wuta ta ɗauke a yankin Chenzhou sai jiragen ƙasa masu aiki da lantarki suka tsaya cik a kan layin da ya haɗa Beijing da Guangzhou. Lamarin ya zo daidai da Chunyun, wato kwanaki 40 na tafiye-tafiyen sabuwar shekarar gargajiya, wadda ta faɗo ranar 7 ga Fabrairu. A wannan lokaci ne kaɗai mafi yawan 'yan ci-ranin masana'antu ke ganin 'ya'yansu, domin tsarin Hukou, wato rajistar da ke ɗaure haƙƙin makaranta da asibiti ga mahaifar mutum, yana sa a bar yara a ƙauye wurin kakanni. Jama'a sun cika dandalin tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou cikin ruwa da sanyi, aka buɗe zaurukan baje kolin Canton domin su fake, Firayim Minista Wen Jiabao ma ya zo da kansa yana ba su haƙuri.

Abin da tarihi bai cika tsayawa a kansa ba shi ne halin waɗanda suka karɓi kiran hukumomin lardin Guangdong na su fasa tafiya, suka mayar da tikiti, suka koma ɗakunan kwanan masana'antu. Mutanen da suka saba yini a gaban keken ɗinki sun wayi gari injuna a kashe, ba aiki, ba tafiya, a ɗakunan gado kan gado waɗanda ba su da abin ɗumama, kasancewar tun shekarun 1950 gwamnati ta keɓe ɗumamar gidaje ta bai ɗaya ga yankunan da ke arewa da tsaunukan Qinling da kogin Huai. Sun cika kwanakin da karta da majan, wasan 'yan ƙwayoyi masu zane da mutum huɗu ke yi, da kewaye tukunyar romo mai tafasa wadda kowa ke tsoma nama da ganye a cikinta, da kallon shagalin jajibirin shekara da gidan talabijin na ƙasa ke nunawa tun 1983. Wasu sun leƙa kasuwannin furanni da birnin ya shahara da su, waɗanda a sauran shekaru sukan ci bayan baƙi sun riga sun tafi gida. Kiran wannan hutu alheri rashin adalci ne, domin uwar da ta yi tanadin wata 12 don ta kai wa ɗanta sabuwar riga ta ƙare da gaishe shi ta waya.

Fataken Afirka ta Yamma, har da Hausawa, da ke hada-hada a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli kusa da tashar, sun san cewa a wannan lokaci masana'antu kan rufe kaya su yi jinkiri, sai dai a shekarar cunkoson ya iso har ƙofar kasuwanninsu.

An samu sauƙi ne bayan an turo kawunan jirage masu amfani da man dizal, an kuma gyara wayoyi. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 129 suka rasu a faɗin ƙasar. A Disambar 2009 aka buɗe layin jirgi mai gudun gaske tsakanin Wuhan da Guangzhou, wanda tun 2005 ake aikinsa, ya rage wa tsohon layin nauyi, amma a Fabrairun 2016 dusar ƙanƙara a tsakiyar ƙasar ta sake tara dubban fasinjoji a wannan dandali.