Shekara 36 Ana Farautar Hasken Gama

Duk wanda ya tashi a Bagwai ya san Kaza da 'ya'yanta, taurarin nan da muke gani da daren hunturu. Gabas da su akwai ɓurɓushin wani tauraro da ya fashe, wanda masana taurarin ƙasar Sin suka rubuta ganinsa a 1054. Turawa na kiransa Ƙaguwa. Daga can wani haske mai tsananin ƙarfi yake zuwa, ana ce masa gama, amma ba ya isowa ƙasa, iskar da ta lulluɓe duniya ke tare shi.

To, yaya aka yi aka gan shi daga ƙasa? In ya daki iska, kimanin kilomita 10 a samanmu, sai ya tarwatse ya zama dubban ƙwayoyi masu gudun da ya fi na haske a cikin iska. Su kuma sai su saki wata shuɗiyar walƙiya wadda ba ta kai ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa ba. Sunan Cherenkov, masanin Rasha da ya gano irinta a 1934, aka ba ta.

A 1953 Galbraith da Jelley, a Harwell ta Ingila, suka sanar cewa sun sa madubi da na'urar kama haske a cikin kwandon shara, sun kama walƙiyar. Sai dai ba ta gama ba ce. Wasu ƙwayoyin sararin samaniya ma suna yin irinta, kuma sun ninka gama sau ɗaruruwa. Aikin ya zama kamar sheƙa, ƙaiƙayi tuli, tsaba ƙwaya ɗaya.

Nan aka daɗe. An kafa madubin Whipple mai faɗin mita 10 a Arizona ta Amurka a 1968, aka yi ta sanar da nasarorin da ba su tabbata ba. A 1985 Michael Hillas ya nuna cewa siffar walƙiyar ce ke bambanta su: ta gama siririya ce, ta sauran a warwatse take. A ganinmu wannan dabara ta fi girman madubi amfani. Da ita Trevor Weekes da abokan aikinsa suka tabbatar da gama daga Ƙaguwa a 1989.

A 2002 aka fara aiki da madubin H.E.S.S. na farko a tsaunukan Khomas na Namibiya, a tudu mai tsayin mita 1,800, inda sama take tas. Aikin na son dare marar wata, marar gajimare, marar ƙura, mu kuwa a nan da damina ta wuce sai hazo ya sauko. A 2012 aka ƙara madubi na biyar mai faɗin mita 28.